Sarki Goma, Zamani Goma: Tambayoyi Kan Sauyin Shugabanni da Fuskar Manhaja

Duk mai teburin gyaran waya a babbar kasuwar Garwa ko ta Marwa ya san wannan ƙorafin. Mutum ya kwana da wayarsa lafiya lau, gari ya waye ya tarar alamomi sun sake kama, maɓallin da yatsansa ya saba da shi ya yi ƙaura. Yawanci wayar ba abin da ya same ta. Sabuntawa ce ta shiga, wadda a nan ake ce wa mizajur, kuma in ka bi diddigi sau da yawa za ka tarar wani ne ya sauka daga kujera wani ya hau a can kamfanin da ya ƙera manhajar. Ga tambayoyin da aka fi kawowa a kan haka.

Me ake nufi da fuskar manhaja?

Duk abin da idonka ke gani kuma yatsanka ke taɓawa: alamomi, maɓallai, launi, girman rubutu, inda aka ajiye kowane abu, da yadda shafi ke shigowa ya fita. Abin da ke aiki a ɓoye daban ne. Ana iya sauya fuska gaba ɗaya ba a taɓa cikin ba, kamar a sake wa shago fenti da jeren kaya alhali hajar ita ce ta jiya.

Da gaske tafiyar mutum ɗaya za ta iya sauya wayoyin miliyoyin jama'a?

Ta taɓa yi, kuma misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Apple.

Steve Jobs ya miƙa wa Tim Cook ragamar kamfanin a watan Agustan 2011, ya rasu ranar 5 ga Oktoban shekarar. A lokacin Scott Forstall ne ke riƙe da manhajar iPhone tun farkonta, kuma shi da Jobs ra'ayinsu ɗaya: abin da ke kan allo ya yi kama da abin da mutum ya sani a zahiri. Shi ya sa wurin rubuta bayanai ya zo da takarda ruwan ɗorawa mai layi-layi, kalandar iPad da murfin fata har da ɗinki, wurin littattafai da kantar katako, wurin wasanni da koren ƙyallen teburin caca.

A Satumban 2012 Apple ta fitar da nata taswirar a cikin iOS 6 (iOS shi ne sunan manhajar iPhone), ta maye gurbin ta Google da ita. Taswirar ta zo da kurakurai har sai da Tim Cook ya rubuta wasiƙar ban haƙuri ga jama'a. Jaridun Amurka sun ruwaito cewa Forstall ya ƙi sa hannu a wasiƙar. Ranar 29 ga Oktoba aka sanar zai bar kamfanin. Aka raba aikinsa: Craig Federighi ya karɓi iOS, Eddy Cue ya karɓi taswira da Siri, manhajar da ake yi wa magana da murya, Jony Ive kuma, wanda a da jikin na'ura kawai yake tsarawa, aka damƙa masa fuskar manhaja.

Ko wata takwas ba a cika ba, ranar 10 ga Yunin 2013, aka nuna iOS 7. Fata, katako, inuwa, ƙyallin maɓalli, duk an share. Sai farin fili, siririn rubutu, da launuka masu kashe ido. Mafi yawan injiniyoyin su ne na jiya. Wanda ke da kalmar ƙarshe ne ya sauya.

To tun farko me ya kai su kwaikwayon fata da katako? Ba ado ne kawai ba?

Akwai ado a ciki, amma asalinsa koyarwa ce. Da iPhone ta fito a 2007, jama'a sun saba da waya mai maɓallan roba da kake jin su a yatsa. Sai ga gilashi sumul babu tudu babu kwari. Ta yaya mutum zai san inda zai danna? Sai aka zana maɓalli da tudu da inuwa, ido ya gaya wa yatsa abin da fata ba za ta ji ba. Dabarar ma ta girmi iPhone. Kwamfutar Macintosh ta 1984 ta zo da jakar takardu da kwandon shara a kan allo, zanen Susan Kare, don ma'aikacin ofis ya gane su ba sai an yi masa bayani ba.

Inda abin ya wuce gona da iri shi ne inda kwaikwayon ya daina koyar da komai. Ɗinkin fata a gefen kalanda ba ya nuna maka ranar taro, wuri kawai yake ci a allo. Sannan kwaikwayo sai da sanin abin da ake kwaikwaya. Yaron da ya tashi a Kusseri bai taɓa riƙe faifan filofi ba, wato tsohon faifan adana bayanai na kwamfuta, amma har yau shi ne alamar adana aiki a manhajoji da yawa. Haddace shi ya yi, ba ganewa ya yi ba.

Wanne ya fi, zane mai tudu ko zanen lebur?

Tambayar da ta fi amfani ita ce: mutum yana iya bambance abin dannawa da abin karantawa a kallo ɗaya? A nan zanen lebur na farko ya yi rauni ƙwarai. A iOS 7 maɓalli ya koma kalma mai launi kawai, babu iyaka babu akwati. Ga mai ido garau a ɗaki mai inuwa ba matsala. Ga dattijo a tsakar rana, shuɗin rubutu da baƙin rubutu duk ɗaya ne. Cibiyar Nielsen Norman, mai binciken yadda mutane ke amfani da manhaja, ta yi gwaji a 2017 da na'urar bin motsin ido, ta gano cewa a shafukan da alamun dannawa suka yi rauni mutane sun ɓata ƙarin lokaci kusan kashi 22 cikin ɗari kafin su sami abin da suke nema.

Apple ma ta ja da baya a hankali. A iOS 7.1, cikin Maris 2014, ta ƙara saitin da ke mayar wa maɓallai siffarsu da wanda ke ƙara duhun launi, a 2015 kuma ta bar rubutun Helvetica Neue ta koma nata mai suna San Francisco, wanda ya fi karantuwa in ya ƙanƙance.

Zanen lebur yana da nasa alherin, kada a zalunce shi. Yana miƙewa ya dace da allo kowane girma ba sai an sake zana hoto ba, ya fi sauƙin nauyi, kuma shi ya sauƙaƙa baƙin yanayi na dare. Ra'ayinmu shi ne lebur ɗin da ya bar wa maɓalli iyakarsa da ɗan inuwarsa ya fi duka biyun.

Apple kaɗai ce ke haka?

Ina! Microsoft ma ta riga ta shiga zanen lebur, da Windows Phone 7 a 2010. Steven Sinofsky ya jagoranci Windows 8, wadda ta fito ranar 26 ga Oktoban 2012, aka cire maɓallin farawa da mutane suka saba da shi tun 1995, aka cika allo da manyan tayal masu launi waɗanda don taɓawa da yatsa aka yi su. Masu linzami da allon rubutu, wato kusan duk ofis da shagon buga takardu, suka rasa ta inda za su kama. Bai kai mako uku ba Sinofsky ya bar kamfanin. Maɓallin ya dawo a Windows 8.1 a 2013, cikakken jerin farawa kuma sai a Windows 10 a 2015, bayan Satya Nadella ya gaji Steve Ballmer a Fabrairun 2014.

A Google kuwa, Matías Duarte ya zo daga kamfanin Palm a 2010, Larry Page ya karɓi shugabanci a Afrilun 2011 ya sa a daidaita kamannin kayan kamfanin, a 2014 aka fito da Material Design. Tunaninsa shi ne a ɗauki allo kamar takardu ne a jibge, wata kan wata, inuwa ta nuna wadda ke sama. Mafi yawan manhajojin da ke wayarka ta Android daga nan suka samo kamanninsu.

Ga wanda ya fi kusa da mu. Mutum biyun da suka kafa WhatsApp, Brian Acton da Jan Koum, an san su da ƙin talla. Facebook ta sayi kamfanin a 2014, Acton ya tafi a 2017, Koum a 2018. A Yunin 2025 Meta, wato Facebook da ta sake suna, ta sanar da shigo da talla a sashen da ake kallon satatus.

Ke nan duk sauyin da aka gani bayan tafiyar shugaba, tafiyarsa ce ta jawo?

A'a, a nan masu sharhi ke yawan zamewa. Fuskar manhaja ana iya juya ta cikin watanni, amma jikin na'ura ana tsara shi shekaru kafin ya iso kasuwa. An sanar da tafiyar Jony Ive a Yunin 2019, a 2021 kuma MacBook Pro ta dawo da kafar HDMI da ta katin SD da cajar maganaɗisu. Da sauƙi a ce tafiyarsa ce, amma ƙorafin masu saye ya daɗe yana taruwa tun 2016 da aka cire su.

Akwai kuma abin da ya fi mutum ɗaya ƙarfi, wato yadda aka raba ma'aikata. Masanin kwamfuta Melvin Conway ya lura tun 1968 cewa abin da kamfani ya ƙera yakan ɗauki siffar yadda sassan kamfanin ke magana da juna. Buɗe Windows 10 ka gani: akwai Paramètres, akwai kuma tsohon Panneau de configuration, wuraren saiti biyu na aiki kusan ɗaya, kowanne da zamaninsa da mutanensa.

Wannan gilashi-gilashin da sabbin iPhone suka zo da shi fa?

Sunansa Liquid Glass. An nuna shi ranar 9 ga Yunin 2025, ya fito da iOS 26 a Satumba, a ƙarƙashin Alan Dye, wanda ya riƙe sashen fuskar manhaja tun 2015. Maɓallai sun zama kamar ɗigon ruwa, kana hango abin da ke bayansu. Wanda ya yi amfani da Windows Vista a 2007, wadda ita ma ta zo da irin wannan gilashin, zai ce ai an sauya wa tuwo suna ne. A Disambar 2025 aka sanar Dye ya koma Meta, Stephen Lemay ya gaje shi.

Matsalar gilashin a wurinmu biyu ce. Ta farko, rubutun da ke kan abu mai hango baya ba shi da tsayayyen bango, in farin hoto ya ratsa ta ƙarƙashinsa sai ya ɓace. Ta biyu zafi. Apple da kanta ta ce iPhone an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, Garwa da Njamena kuwa suna haura 40 a Maris da Afrilu. In wayar ta ɗauki zafi da kanta take rage hasken allo, ga rana tana dukan gilashin, ga rubutu siriri a kan bango mai motsi. Sannan dusashe hoton baya aiki ne da sashen zane na wayar ke maimaitawa a duk motsi, abin da tsohuwar waya mai gajiyayyen batir take ji a jikinta. iOS 26 daga iPhone 11 ta fara, ta bar XR da XS a baya. Mai sayen okaziyon, wato wayar da wani ya riga ya yi amfani da ita, ya riƙe wannan kafin ya biya.

Ni Tecno gare ni. Me ya haɗa ni da rigimar Apple?

Fuskar wayarka hawa uku ce. A ƙasa akwai Android ta Google. A kanta akwai rigar da mai ƙera wayar ya sa mata: HiOS a Tecno, XOS a Infinix, su biyun da itel duk na kamfanin Transsion ne na Shenzhen a China. A sama kuma kowace manhaja da tata fuskar. Duk hawan da ya sauya za ka ji a yatsa, kuma kamfanoni na kallon juna: in babba ya sake ɗinki, ba a daɗewa sai ka ga irinsa a kan ƙanana.

Don haka kafin ka zargi wayar, gano hawan da ya motsa. A 2024 WhatsApp ta sauko da jerin sassanta daga saman allo zuwa ƙasa a Android. Mutane da yawa sun kai wayoyinsu gyara a kan haka, alhali ko an yi wa wayar filashin, wato an sake ɗora mata manhaja, ba abin da zai dawo.

Fuskar ta sauya, ido na wahala. Me zan taɓa?

Yawancin wayoyin nan da Faransanci suke, don haka ga sunayen yadda za ka gan su.

A iPhone ka shiga Réglages, sai Accessibilité, sai Affichage et taille du texte. Kunna Réduire la transparence, shi ke toshe hangen baya. Kunna Augmenter le contraste da Texte en gras. A wannan shafin akwai wanda ke fito da siffar maɓallai. Ka koma baya cikin Accessibilité ka nemi Réduire les animations, musamman in shawagin allo na sa ka jiri.

A Android sunaye na ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, gara ka yi amfani da wurin bincike da ke saman Paramètres. Rubuta police don girman rubutu. Rubuta navigation in kana son maɓallai ukun nan na ƙasa su dawo a madadin shafa allo, wanda ya zo da Android 10 a 2019. In wayar na jan ƙafa, cikin Accessibilité akwai Supprimer les animations. Akwai wata hanya da masu gyara ke bi: su danna Numéro de build sau 7, sashen masu rubuta manhaja ya buɗe, su mayar da layuka ukun animation zuwa 0.5. Tana aiki, sai dai wasu manhajojin banki ba sa buɗewa muddin wannan sashe na kunne. In haka ta faru, kashe shi.

Kada ka kai girman rubutu ƙarshe lokaci ɗaya. Ƙara mataki guda, ka buɗe manhajar kuɗinka ka duba ko maɓallin tabbatarwa bai faɗa ƙasan allo ba.

Ana iya komawa tsohuwar fuskar?

A iPhone, da wuya. Duk sigar da za a ɗora sai Apple ta amince da ita ta intanet, kuma jim kaɗan bayan fitar sabuwa take rufe ƙofar tsohuwa. Wanda ya ce zai mayar maka bayan watanni, tambaye shi ta yaya kafin ka ba shi ko dala. A Android masu filashin na iya ɗora tsohuwar siga a wasu wayoyin, amma komai na ciki zai goge, in kuma fayil ɗin bai dace da lambar samfurin ba wayar na iya ƙin tashi sam.

To in kashe sabuntawa in huta?

Jinkirta ta dai, kada ka kashe ta har abada, domin a cikinta ake toshe kafofin da ɓarayi ke bi. A Play Store ka taɓa hotonka, Paramètres, Préférences réseau, ka hana sabuntawa ta kai tsaye, sannan ka riƙa yi da hannunka. Babbar sabuntawa ta waya gaba ɗaya, ka ba ta mako biyu ko uku ka ji bakin waɗanda suka riga ka. Ranar da za ka yi, ka fara adana hotuna da hirarrakinka, batir ya haura rabi ko waya na kan caji, kuma kada ka fara da yamma in unguwarku an saba ɗauke wuta.

Wanda ba ya karatu fa, yaya sauyin ke shafarsa?

Shi ya fi kowa shan wahala, kuma shi ne ba a tunawa da shi a ɗakin zane. Tsaya kusa da kiyos ɗin tura kuɗi ka kalli hannun dattijuwar da ta zo cirar abin da ɗanta ya aiko daga Duwala. Ba ta karanta komai. Ta san kore na gefen dama, na biyu daga ƙasa. In aka matsar da shi, sai ka ji ta ce wa yaron kiyos, "Ɗana, duba min, abin nan ya ɓata." Shi kuma ya ce, "Kawo, Hajiya, sun sake masa wuri ne." Daga nan wayarta da lambar sirrinta sun shiga hannun wani. Ga irin wannan mai amfani, wuri da launi da siffa su ne rubutun.

Lambobin *126# na MTN da #150# na Orange ma fuska ce, ko da babu hoto ko ɗaya. Saƙon irin wannan ba ya wuce haruffa 182, kuma in ka yi jinkiri layin ya yanke, shi ya sa mutane ke haddace jerin lambobin su danna ba tare da dubawa ba. Duk mai tsara irin wannan jeri, in zai ƙara sabon zaɓi ya sa shi a ƙarshe. In ya cusa shi a tsakiya, na uku ya koma na huɗu, yatsun da suka haddace za su bi tsohuwar hanya.

Ina koyon rubuta manhaja a Ngaundare. Wane salo zan bi?

Bar salo tukuna, riƙe ma'auni. Wurin dannawa kada ya gaza 48dp (dp ma'aunin girma ne a allo) kowane gefe a Android, wajen milimita 9 ke nan, ko maki 44 a iPhone, da tazarar 8dp tsakanin maɓalli da maɓalli. Bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa, ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet ta ce aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manya. Tokar nan mai lamba 999999 da masu zane ke so, a kan fari ba ta kai 3 ba. Mai lamba 767676 ita ce ta tsallake 4.5 da ƙyar. Don ranarmu, ka wuce ƙa'idar sosai.

Kada launi kaɗai ya ɗauki ma'ana. Ja da kore a allon da ya sha ƙura da tsagewa ba su da tabbas, haɗa da alama da kalma. Alama ma kada ka bar ta tsirara, sa mata suna a ƙasa. Bar wa kalmomi sarari, domin Faransanci ya fi Ingilishi tsawo, in kuma manhajar za ta ƙetara Chadi, Larabci daga dama yake farawa, shafin duka zai juya har kibiyar komawa. Gwada rubutunka da ɓ, ɗ, ƙ da kuma ŋ da ƴ na Fulatanci. In ka ga akwati a madadin harafi, sauya zuwa irin Noto Sans.

Gwaji kuma ba a kwamfutarka ba. Nemi itel mafi araha, fita da ita waje da azahar, ba mutum biyar ɗaya bayan ɗaya, ka ce kowa ya tura jaka biyu ga wani suna, ka yi shiru kana kallo. Jakob Nielsen na cibiyar Nielsen Norman ya nuna tun 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin. Inda yatsa ya tsaya yana shawagi, nan aikinka yake.

Sabon shugaba ya zo wurin aikinmu, yana so a sake fuskar manhajarmu gaba ɗaya. Yaya za mu yi da shi?

Kada ku yi masa musu a kan kyau, ba a cin wannan gardamar da mai kujera. Ku tambaye shi cikin ladabi wace matsala ake son magancewa, sannan ku auna kafin a taɓa komai: daƙiƙa nawa ake ɗauka a gama ayyuka ukun da aka fi yi, mutum nawa ke yankewa a tsakiya, kira nawa ke shigowa na neman taimako a mako.

Sai ku raba sauyin gida biyu. Launi, rubutu da siffar alamomi kashi ɗaya, wuraren abubuwa kashi na biyu, kuma kada a fitar da su tare. Mutum na jure sabon launi in abin na nan inda ya bar shi, yana kuma jure ƙaura in kamannin bai sauya ba. Play Store na ba da damar fitar da sabuntawa ga kashi kaɗan na masu amfani, ku fara da 5 ko 10 cikin ɗari, ku jira mako guda, in alƙaluman sun yi ƙasa ku dakatar. Masu kiyos da wakilan da ke taimaka wa jama'a su sami hotunan sabuwar fuskar kwanaki kafin ta fito, da ɗan saƙon murya da Hausa da Fulatanci da za su iya turawa a WhatsApp. Ranar fitarwa kuma kada ta faɗo ƙarshen wata lokacin albashi, ko makon sallah.